Darasi: Hanyar Ɗan Manomi Zuwa Karatu Kyauta a Ƙasashen Waje

Manufar darasi

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan karo a kan 'ya'yanmu ne. A Kura da Bunkure da Kadawa da ƙauyukan kewaye, mun sha jin cewa ɗan wane ya sami sikolashif ya tafi karatu Turkiyya, ko Indiya, ko Amurka. Waɗansu iyaye sukan ce wannan rabon 'ya'yan masu kuɗi ne da masu hanya, su kawar da kai. Waɗansu kuwa sukan ɗauki zancen da zafi, har su jinginar da gona su miƙa wa wani ejan kuɗi, daga baya a nemi ejan a rasa. Duka biyun hasara ce. Na farko ya rufe wa yaro ƙofa tun bai ƙwanƙwasa ba. Na biyu ya rasa gona, karatun kuma bai samu ba.

Abin da mu ke so mu koya shi ne wannan: cikakken tallafin karatu na gaske akwai shi, ba a sayensa da kuɗi, amma shirinsa yana farawa ne tun yaro yana ƙarami, a nan gida, kuma ƙungiyar gama kai tana da nata rabon aikin. A karanta darasin a taron ƙungiya sashe sashe, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe. In da hali, a gayyaci malamin makaranta, a kuma tabbata iyaye mata suna wurin.

1. Mene ne cikakken tallafi?

Kafin a yi murna da kowace takarda, a duba ko ta ɗauki nauyin waɗannan abubuwa shida:

(a) kuɗin makaranta na dukan shekarun karatu;
(b) ɗakin kwana;
(c) abinci;
(d) kuɗin jirgi, zuwa da dawowa;
(e) kuɗin asibiti;
(f) littattafai da ɗan kuɗin kashewa.

In ɗaya daga cikin manyan nan ya ɓace, tallafin rabi ne, sauran nauyin kuwa a kan uba zai sauka, da kuɗin ƙasar waje.

Bari mu yi lissafi. A ce wata jami'a tana karɓar dala 10,000 a shekara, ta ce ta yafe wa yaro rabi. Saura dala 5,000. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, watau uba zai nemo naira miliyan 2 da dubu 300. A cikin 2024 dala ta haura naira 1,500, watau wannan rabin ya zama naira miliyan 7 da rabi. Wannan na shekara ɗaya ne kaɗai, ban da abinci da ɗaki, karatu kuwa shekara huɗu ne. Kowa ya ƙiyasta buhun shinkafa nawa ke nan.

Abin ya riga ya faru. A 2024 ɗaliban Nijeriya da dama a Jami'ar Teesside ta Ingila sun kasa cika kuɗin makaranta saboda faɗuwar naira, aka tsai da karatunsu, aka ce waɗansu su bar ƙasar. Saboda haka manomi mai kadada ɗaya ko biyu kada ya kama tallafin rabi. Cikakke kaɗai ya dace da mu.

2. Hanyar ba sabuwa ba ce

Tun zamanin Turawa 'yan Arewa ke fita neman ilmi. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, a makarantar mishan ta Wusasa ya fara, ya wuce King's College ta Ikko, daga can ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila. Malam Aminu Kano ya sami tallafi ya tafi Landan karatun aikin malanta a 1946. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Anchau, shi ma ta Wusasa ya bi, ya ƙarasa karatun likita a Ingila, ya dawo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ku lura da abu guda. Babu wanda ya yi tsalle daga ƙauye ya dira a jami'ar waje. Kowannensu ya fara a ƙaramar makaranta, ya ci jarrabawa ya shiga makarantar da a ke tace yara, sa'an nan ƙofa ta buɗe. Wannan tunani ne ya sa Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, inda a ke ɗaukar yara ta hanyar jarrabawa. Likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa can suka fito, da yawansu kuwa 'ya'yan talakawa ne.

Mu masu noman rani mun fi kowa gane wannan. Ruwan da ke madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ba ya faɗowa gonarka kai tsaye. Sai ya bi babbar hanyar ruwa, ya shiga reshe, ya shiga ƙaramar magudana. In ƙaramar magudanar da ke bakin gonarka ta toshe, cikar dam ba ta amfane ka da kome ba. Firamare da ƙaramar sakandare su ne magudanar bakin gona, gyaransu kuwa namu ne.

3. Hanya ta farko: makarantun shekara biyu na ƙasa da ƙasa

A manyan biranenmu akwai makarantun da ke koyar da manhajar ƙasashen waje, kamar Hillcrest ta Jos da aka kafa a 1942. Irin waɗannan na biya ne, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancinmu. Amma akwai waɗansu a waje da ke neman yara masu ƙoƙari daga kowane gida, su koyar da su shekara biyu, su shirya su shiga jami'a. Za mu ambaci biyu.

Na farko, makarantun United World Colleges, a taƙaice UWC. An buɗe ta farkonsu a yankin Wales na Birtaniya a 1962. Makarantu 18 ne a nahiyoyi huɗu. Biyu suna Afirka: Waterford Kamhlaba a Eswatini, ƙasar da a da a ke kira Suwazilan, da kuma UWC ta Gabashin Afirka a Tanzaniya, mai harabobi a Moshi da Arusha. Yara masu shekara 16 zuwa 19 ke karatun. A ƙasashe fiye da 150 akwai kwamitin ƙasa mai zaɓen yara, Nijeriya ma tana da nata. Kwamitin yakan duba cancanta tukuna, sa'an nan a duba ƙarfin iyaye a san irin taimakon da za a bayar. A sani fa, ba kowane gurbi ke zuwa da cikakken tallafi ba. Sai a tambaya a rubuce.

Takardar da a ke samu a can sunanta Difloma ta IB, wadda aka kafa hukumarta a Jeniba a 1968. Yaro yakan ɗauki fanni shida, ya rubuta dogon bincike na kansa, ya kuma yi aikin taimakon jama'a. Iyakar maki 45 ne. Jami'o'in duniya sun yarda da ita. Ban da haka, tun shekara ta 2000 wani attajirin Amurka, Shelby Davis, ya kafa asusu mai taimakon waɗanda suka gama UWC su shiga jami'o'i wajen 100 a Amurka gwargwadon bukatarsu.

Na biyu, African Leadership Academy a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 2008. Tana karɓar takardun yara masu shekara 15 zuwa 18 daga dukan Afirka. Ita ma shekara biyu ce, ana rubuta babbar jarrabawar Cambridge, ana kuma koyon shugabanci da kafa sana'a. Tana da ofishin da ke taimakon ɗalibanta neman tallafin jami'a. Taimakon kuɗi a can ma gwargwadon ƙarfin iyaye ne.

Gaskiyar magana, guraben kaɗan ne. Ɗari da 'yan kai ne makarantar Johannesburg ke ɗauka a shekara daga nahiya guda, masu nema kuwa dubbai. Kada a gaya wa yaro cewa lalle zai samu. A gaya masa ya cancanci gwadawa.

4. Hanya ta biyu: daga WAEC kai tsaye zuwa jami'a

Ba tilas ne yaro ya bi ta makarantar ƙasa da ƙasa ba. Da kyakkyawan sakamakon WAEC, ko da daga makarantar gwamnati ya fito, yana iya neman waɗannan:

Tallafin gwamnatin Turkiyya. An fara shi a 2012. An saba buɗe neman daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, ta intanet, ba a biyan kome. Mai neman digiri na farko ya kasance bai kai shekara 21 ba, makinsa kuma ya kai kashi 70 cikin 100. Mai son likitanci sai ya kai kashi 90. Yana ɗauke da kuɗin makaranta, ɗakin kwana, asibiti, tikitin jirgi da kuɗin wata, da shekara guda ta koyon Turkanci.

Shirin Gidauniyar Mastercard. Shi ma a 2012 aka fara shi, domin matasan Afirka masu ƙoƙari waɗanda iyayensu ba su da ƙarfi, yana kuma ba 'yan mata fifiko. Ba gidauniyar a ke rubuta wa ba. Jami'ar da ke cikin shirin a ke nema, ita ce ke zaɓe. Cikin jami'o'in da suka yi aiki da shirin akwai Ashesi da Jami'ar Kwame Nkrumah a Gana, Makerere a Yuganda, da McGill a Kanada. Akwai kuma wadda ta fi shafar mu, watau Jami'ar EARTH a ƙasar Kosta Rika, wadda aikin gona kaɗai ta ke koyarwa. Ta fara karatu a 1990. Shekara huɗu a ke yi, da harshen Sifaniyanci, ɗalibai kuma suna shiga gona da hannunsu. Matasan Afirka da yawa sun yi karatu a can ta wannan shiri. A irin wannan makaranta, yaron da ya san dashen shinkafa da ban ruwa ya shiga da jari a hannu.

Jami'o'in Amurka. Waɗansunsu masu arziki sukan ɗauki dukan nauyin yaro in ya yi fice. Amma a watan Disamba 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai, daga 1 ga Janairu 2026. Dokar biza tana canzawa. Kafin a kashe ko kwabo a kan wannan hanya, a tambayi halin da a ke ciki a ofishin jakadancinsu da ke Abuja.

Akwai kuma ƙofar da mutane ke tambaya har yanzu, watau tallafin Gwamnatin Tarayya na yarjejeniya da ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya, Hangari da Sin. A 2024 ɗaliban shirin sun yi ta kukan rashin biyan alawus na watanni. A 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da tsai da shirin. Duk wanda ya zo maka da fom ɗinsa, ka bincika sosai.

5. Hanya ta uku: digiri a gida, ƙari a waje

Wannan ita ce hanya mafi faɗi, ita ce kuma yawancin yaranmu za su bi. Yaro ya yi digiri na farko a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Ahmadu Bello, ko jami'ar kimiyya ta Wudil, ya fito da daraja mai kyau, sa'an nan ya nemi tallafin digiri na biyu. Akwai tallafin Commonwealth da aka kafa a 1959, da na Chevening na gwamnatin Birtaniya da aka kafa a 1983. Jihar Kano ma ta yi nata. A 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, an tura ɗalibai 501 karatun digiri na biyu a waje. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin, ya sanar da gurbi 1,001, aka tura ɗalibai Indiya da Yuganda. Sharaɗin shi ne digiri mai daraja ta ɗaya da shaidar zama ɗan jiha.

Darasin da ke nan shi ne, shirin da aka yi wa yaro ba ya faɗuwa ƙasa banza. In ƙofar farko ba ta buɗe ba, makin nan da Turancin nan su za su kai shi jami'a a gida. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Me masu zaɓe ke dubawa?

(a) Maki. Kiredit biyar da Turanci da Lissafi ya isa neman jami'a a gida. Don tallafin waje kuwa sai an ga A1 da B2 da B3 sun yi yawa. Sukan nemi rahoton makaranta na shekara biyu ko uku, saboda haka ƙoƙarin ajin ƙarshe kaɗai bai isa ba. Makin satar amsa kuma ba ya jimrewa, gama akwai ganawa baki da baki da jarrabawar da su da kansu za su yi wa yaro.

(b) Turanci. Nan ne yaran karkara suka fi faɗuwa, ba don rashin basira ba, sai don rashin wurin yin magana da abin karantawa.

(c) Hali da aikin taimakon jama'a. Sukan tambayi yaro, me ka taɓa yi domin mutanen garinku? Wanda ya koya wa ƙannensa karatu da yamma, ko ya riƙe wa ƙungiya littafin lissafi, ko ya tara samari suka yashe magudana, yana da amsa.

(d) Labarin kansa a rubuce. Yaranmu sukan ji kunyar cewa su 'ya'yan manoma ne, sai su kwafo labarin wani. Kuskure ne babba. Masu zaɓe sun karanta dubban takardu masu kama da juna. Yaron da ya bayyana yadda tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016 da abin da ta jawo wa gidansu, ko yadda kwandunan tumatir ke ruɓewa a Kwanar Gafan in kasuwa ta cika, ko yadda ciyawar kacala ke toshe hanyar ruwa, ya kuma faɗi abin da ya ke so ya koyo a kai, ya faɗi abin da ɗan birni ba zai iya faɗa ba.

(e) Shaidar malamai. Wasiƙa daga malamin da ya san yaro da gaske ta fi wasiƙar babban mutum wanda bai taɓa ganinsa ba.

7. Inda hanya ke toshewa a nan gida

Shekaru. Ku sake duba iyakokin da aka ambata: 15 zuwa 18, 16 zuwa 19, ƙasa da 21. Yaron da ya shiga firamare yana da shekara 6 zai gama sakandare yana da 18. Wanda aka bari sai da ya kai 9 ko 10, ƙofofin nan sun rufe kafin ya iso. Rage shekaru a takarda kuwa ƙarya ce, in aka gane sai a kori yaro ko da ya riga ya tafi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Aikin gona. A wurinmu noma ba ya yankewa, rani da damina. Lokacin korar tsuntsaye a gonar shinkafa, makaranta ta shiga zangon farko. Lokacin tsinkar tumatir da ban ruwan alkama, a Janairu da Fabrairu, shi ne lokacin cika fom. WAEC kuma tana faɗowa a Mayu da Yuni, daidai da shirin damina. Babu mai cewa yaro kada ya taimaki ubansa. Aikin gona tarbiyya ne, mun ma ga yana da amfani wajen zaɓe. Amma a bar shi ga yamma da Asabar da hutu. Kwana goma da yaro ya rasa a aji saboda jan-baki, ladan ɗan ƙwadago na kwana goman nan bai kai darajarsu ba.

Takardu. Tilas suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da lambar NIN, da rajistar WAEC, da fasfo. In yaro Yohanna Audu ne a wata takarda, John Abdu a wata, aiki ya tsaya, gyara kuwa yana cin watanni da kuɗi. A daidaita tun yana ƙaramar sakandare. Tallafin jiha yana bukatar takardar shaidar ƙaramar hukuma. Na ƙasashen waje da muka ambata, zama ɗan Nijeriya ya isa.

'Yan mata. Sau da yawa yarinya ce ta ɗaya a aji, amma ita ce ke ɗebo ruwa, ta taya uwa turara shinkafa, ta yi raino, sa'an nan maganar aure ta taso kafin ta gama. Tsoron iyaye game da tura 'ya mace nesa abin ganewa ne. Maganinsa shi ne bincike: ina za ta kwana, wa ke kula da ɗalibai, akwai 'yan ƙasarmu a wurin? Makarantun gaske suna amsa waɗannan tambayoyi dalla-dalla, har su haɗa ka da iyayen tsofaffin ɗalibai.

8. Hattara da mayaudara

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga alamun da za ku gane tarko:

(a) An ce ka biya kuɗi a ba ka gurbi. Waɗansu shirye-shirye suna karɓar ɗan kuɗin fom, a asusun hukuma, da rasit. Amma gurbi kansa ba a sayarwa.
(b) An ce yaro ya ci tallafin da bai nema ba.
(c) An ce babu bukatar sakamako mai kyau ko ganawa.
(d) Ana gaggauta ka, yau ko gobe, kada ka gaya wa kowa.
(e) Lambar asusun ta mutum ɗaya ce.
(f) An ce yaro ya tafi tukuna, zai yi aiki a can ya biya.

Na ƙarshen nan ya fi haɗari. A 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoto cewa an ɗebi 'yan mata daga ƙasashen Afirka da alkawarin karatu da aiki a yankin Alabuga na Rasha, sai suka sami kansu a masana'antar haɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. A kuma duba zaman lafiyar ƙasar da za a je. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun sa an kwaso ɗaliban Nijeriya da yawa karatu bai ƙare ba.

Doka guda ta isa ta tsare mu: kada ɗan ƙungiya ya sayar ko ya jinginar da gona saboda karatun waje sai ya kawo takardun gaban ƙungiya an duba.

9. Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abubuwa bakwai da kowace ƙungiya za ta iya yi ba tare da jiran gwamnati ba.

Na ɗaya, a naɗa kwamitin ilmi na mutum uku ko biyar. A sa malamin makaranta, a sa mace aƙalla ɗaya.

Na biyu, a buɗe littafi. A rubuta sunan kowane yaron ɗan ƙungiya, ranar haihuwarsa, ajinsa da sakamakon kowane zango. Kwamiti ya duba takardun haihuwa da NIN sau ɗaya a shekara.

Na uku, a kafa asusun ilmi. Bayan girbin shinkafa kowa ya ba da kwano biyu ko uku, ko abin da taro ya yanke. A adana, a sayar sa'ad da farashi ya tashi. Cikakken tallafi ma yana da ƙananan kuɗaɗe na farko da ke kan iyaye: rajistar jarrabawa, hoto, kuɗin mota zuwa ganawa a Abuja ko Ikko, gwajin asibiti, rigar sanyi, da fasfo, wanda daga Satumba 2025 aka mai da kuɗin ƙaraminsa naira 100,000. Irin waɗannan ne ke hana yaron da ya riga ya ci. A rubuta dokar asusu tun kafin a san ɗan wa zai fara amfana, don kada a yi zargin son kai.

Na huɗu, a buɗe ajin yamma sau biyu ko uku a mako, na Turanci da Lissafi. A nemi ɗan hidimar ƙasa ko malamin da ya yi ritaya. A sa fitila mai aiki da hasken rana a ɗakin taro. A tara littattafai da tsofaffin jaridu. A sa yara su tsaya gaban jama'a su yi magana da muhawara.

Na biyar, a tura yara masu ƙoƙari su rubuta jarrabawar shiga makarantun da a ke tacewa: makarantun kimiyya na jiha, kwalejojin Gwamnatin Tarayya, da makarantar haziƙai ta Suleja.

Na shida, a samu waya mai intanet ko kwamfuta guda ta ƙungiya, da mutum amintacce mai taya yara cika fom. A liƙa jadawalin ranakun buɗewa da rufewa a bango, a sabunta shi kowace shekara daga shafin kowace hukuma, gama ranaku da sharuɗɗa sukan canza.

Na bakwai, a yi gayya. In ɗan wani yana ajin jarrabawa, 'yan ƙungiya su rufa wa uban a gona, yadda mu ke yi wa marar lafiya.

10. In ya tafi, zai dawo?

Dattawa sukan yi wannan tambaya, kuma tana bisa hanya. Waɗansu ba su dawowa. Babu takardar da za ta ɗaure zuciyar mutum. Amma yaron da ya san cewa shinkafar maƙwabta ce ta yi masa fasfo, wanda a ke rubuta masa wasiƙa a ba shi labarin gida, ya fi wuyar mantawa. Ƙungiya tana iya roƙon duk wanda ya amfana ya koyar a ajin yamma in ya zo hutu, ya kuma ja ƙanne biyu a bayansa.

Bukatar kuwa tana nan. Sa'ad da aka tsara aikin noman ranin nan, masana daga ƙasar Holan aka ɗauko. Yau ga ƙasar da ruwa ya jiƙe ta daina ba da amfani, ga hanyoyin ruwa masu bukatar gyara, ga ƙwari masu jure magani, ga tumatir mai ruɓewa don rashin wurin adana. Duk wannan aikin masu ilmi ne. Ya fi kyau su zama waɗanda suka tashi a bakin magudanar nan.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yara nawa ne a ƙungiyarmu suka kai shekara 6 ba su shiga makaranta ba? Me ya hana?
2. A wane wata ne yaranmu suka fi rashin zuwa aji? Wane aiki ke janye su, wa zai iya yinsa a madadinsu?
3. Cikin abubuwa shida na sashe na 1, wanne ne uba zai fi saurin mantawa ya tambaya?
4. In wani ya zo da takardar tallafi yana neman kuɗi cikin kwana uku, me za mu yi, mataki mataki?
5. Akwai yarinya mai ƙoƙari a cikinmu da karatunta ke cikin haɗarin tsayawa? Wa zai yi magana da iyayenta?
6. Kwano nawa kowa zai iya bayarwa a girbi mai zuwa? Wa zai riƙe littafi, wa zai riƙe mabuɗin rumbu?

Aikin wannan wata

Kafin taro na gaba, kowane ɗan ƙungiya ya kawo takardar haihuwa da rahoton makaranta na kowane yaronsa, mace da namiji. Sakatare ya zo da sabon littafi. Da sanyin safiya a ke kama fara. Allah ya ba mu ikon yi, ya kuma yi wa 'ya'yanmu albarka.